Wasiƙar da Goggo Ta Sa Aka Ɗinke

Ina aji biyu a elementare ta Karaye ɗan goggona ya tafi soja. Mu 'yan mata ba mu da yawa a makarantar, kuma a cikinmu ni ce marar magana. In malam ya yi tambaya nakan san amsar, amma sai in sunkuyar da kai ina ƙirga ƙusoshin benci har a wuce ni.

Goggo ƙanwar Baba ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ƙauyen Turawa da 'ya'yanta, wanda ya tafi sojan shi ne babba. Ina ce masa Yaya. Shi kuwa ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba, don taubasai muke. Ranar kasuwa in ya kawo wa Baba dawa ko gyaɗa, tun daga zaure yake farawa:

"Ina matar nasara? A fito a karanta mini abin da ke rubuce a goshin jakina."

Sai in ɓuya a bayan randa. Ya biyo ni har can, ya ɗora mini rake a ka, ya tafi.

Ba mu da hotonsa, kuma yanzu in na rufe ido fuskar ba ta zuwa mini gaba ɗaya. Abin da na riƙe ƙananan abubuwa ne. Farcen babban yatsan ƙafarsa na dama a tsage yake biyu, fartanya ce ta sare shi. A gefe guda yake tauna abinci. Da igiyar rama yake ɗaure wandonsa ko da kuwa Baba, wanda tela ne, ya yi masa mazagi.

Har yau ban san yadda aka yi ya tafi ba. Baba ya ce an nemi dagaci ya kawo samari, aka nuna shi. Matan gidansu suka ce shi ya kai kansa, wai ya ga wani ya zo hutu da takalmi da bargo. Na ji duka biyun sau da yawa, kuma masu faɗa duk sun rantse.

Ranar da ya zo sallama Goggo tana gidanmu, tana tsintar wake a ƙofar ɗakin Innata. Ya durƙusa can nesa da ita ya ce zai tafi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Ta ce wa Inna, "Ku ce wa wancan Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Amma ina zaune kusa da faifan, na ga tana zuba tsakuwa cikin waken da ta gyara, tana watsa wa kaji mai kyaun.

Sai da aka yi damina ɗaya wasiƙarsa ta zo. Wani ne ya rubuta masa da boko, da irin fensirin nan da in an lasa yake komawa shuɗi. Baba ajami ya iya, don haka aka jira ranar da Goggo ta shigo gari, aka zaunar da ni a tsakar gida. Goggo ta juya mana baya ta kama daka, alhali ba a sa ta ba.

Gaisuwa ta fi rabin takardar. Ya gaida Baba, ya gaida dagaci, ya gaida liman, ya gaida ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jakinsa. Da aka zo kan uwarsa sai ya ce a gaida mutanen gida. Ya ce sun hau jirgin ruwa sun yi kwanaki ba su ga ƙasa ba. Ya ce inda suke ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma shinkafa ta ishe shi, tuwon dawa yake marmari. Ya tambaya ko an sami wanda ya yi wa gonarsu maimai. A ƙarshe ya ce, "In matar nasara ce ke karantawa, ta ɗaga murya, ba a jin ta." Kowa ya yi dariya. Taɓaryar Goggo ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

A saman takardar akwai lamba, doguwa. Malaminmu na makaranta ya taya ni rubuta amsa, ya ce in kwafi lambar a bayan ambulan da kyau, don a soja da lamba ake neman mutum. Na kwafa sau ɗaya. Amsa ba ta dawo ba, wata wasiƙar ma ba ta ƙara zuwa ba.

Baba ya ajiye takardar a aljihun keken ɗinkinsa. Bayan 'yan makonni ya neme ta ya rasa, ya yi ta faɗa, ya ce yara ne. Ni na san inda take. Wata ranar kasuwa Goggo ta ce in raka ta in riƙe mata ƙwarya. Ta ratse rumfar wani baduku, ta miƙa masa takarda a naɗe ƙanƙanuwa.

"Wane malami ne ya rubuta?" in ji badukun.

"Kai dai ɗinke."

Ya ɗinke ta a jar fata kamar laya, ya sa mata igiya. A bayan rumfar ta ɗaura ta a ƙugu, can ƙarƙashin zane. Da ta ɗago muka haɗa ido. Ba ta ce kada in faɗa ba. Na dai dubi ƙasa, muka wuce wajen masu daddawa.

Labarin ya zo a damina ta gaba, da hantsi. Ina shirin shanya gyaɗa na ji keken Baba ya tsaya a tsakiyar ɗinki. Dogari ne ya zo, wai ana neman Baba a ƙofar hakimi. Bai dawo ba sai bayan azahar, kuma bai taɓa abincinsa ba. Ya kira Inna, ya yi magana a hankali, amma katangar zana ce tsakaninmu.

Takarda ta zo daga wajen soja cewa an kashe mutum ɗaya na ƙasarmu a yaƙin ƙasar Bama. Sunan da ke ciki na Yaya ne. Sai dai a soja ba sa rubuta sunan uba ko na ƙauye. Sukan tambayi mutum ƙasar wane hakimi ya fito, su liƙa wa sunansa. A lokacin Rogo ma ƙarƙashin Karaye take. To, ashe a cikin waɗanda suka tafi tare da Yaya akwai wani saurayi daga Gwangwan, can wajen Rogo, sunansu ɗaya. Duk su biyun an rubuta su da sunan nan, an ƙara Karaye. Takardar ba ta ce wanne ba. Lamba kawai ta bambanta su, kuma ba a nan aka ba su lambar ba, sai da suka isa bariki. Mutanen Gwangwan ba su taɓa samun wasiƙa ba.

Aka aika aka kira Goggo, ta zo. Baba ya yi mata bayani a gaban Inna, ya sake yi.

"Wasiƙar nan ta bara," ya ce, "ko ke kika ɗauka?"

"Me zan yi da boko?"

"Ba faɗa nake ba. In tana wajenki, yau za mu sani."

"In ma na ɗauka, gara ta ci," in ji Goggo. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

Kashegari Baba ya sa ni a gaba har wajen malamin hakimi. Yana zaune a kan tabarma da akwatin takardu, tabaraunsa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Baba ya durƙusa suka gaisa, suka daɗe, sannan ya ce, "Allah ya gafarta malam, ga yarinyar. Ita ta kwafi lambar."

Malamin ya karanta mini lambar da ke takardarsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ji huɗu, na ji bakwai. Na tuna lallai akwai huɗu a tamu, don sai da na goge na sake, ƙafarta ta karkace. Akwai bakwai ma.

"Ita ce?"

"Kamar ita ce."

"Kamar, ko ita ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce rana ɗaya suka tafi, ƙila a layi ɗaya suka tsaya, don haka lambobin za su yi kama, sai a wutsiya za su rabu. Ya sake karanta wutsiyar. Ina jin ta sai ta zauna a kaina, ta kori wadda nake ƙoƙarin tunowa. Ya nuna mini takardar in gani da idona, abin ya ƙara dagulewa. Na fara kuka.

"Bar ta," ya ce wa Baba. "Zan rubuta in tambaya. Amma kada ku sa rai da amsa kafin kaka."

Kwanakin da suka biyo baya ban san sunan da zan ba su ba. Liman ya ce ba za a yi sadaka a kan zato ba, a yi ta addu'a dai. Amma labari ya riga ya bazu. Mata suna shigowa da lulluɓi, su tsaya a bakin ƙofa, ba su san da wace gaisuwa za su fara ba. Wata ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Inna ta ce mata tukuna. Wata tsohuwa 'yar unguwarmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta tsaya da sandarta a tsakar gida.

"To ni ku gaya mini, in zauna ko in koma? Gwiwata ba ta zuwa sau biyu."

"Zauna ki sha ruwa, Iya."

"Ruwan gaisuwa ko ruwan zumunci?"

Har Goggo sai da ta yi murmushi. Ba ta koma Turawa ba. Ta karɓe aikin gidanmu duka, ta wanke abin da aka riga aka wanke. Ni kuwa in na kalle ta idona ba ya wuce ƙugunta. Na san in na buɗe baki sau ɗaya komai zai ƙare. Ban san ko ƙarewar nake tsoro ba, ko Goggo. Wani lokaci sai in ga kamar muddin fatar nan tana ɗinke, Yaya yana can yana cin shinkafar da ba ya so. Wani lokaci kuma in ga ni ce na hana shi addu'ar da ake yi wa kowa.

A rana ta biyar uwar ɗayan ta iso daga Gwangwan a kan jaki, ƙanin mijinta yana ja. An gaya musu gidan tela ne aka taɓa samun wasiƙa. Gajeriya ce, ƙafafunta sun kumbura, laka har gwiwa. Ta yi sallama, aka gaisa yadda ya kamata, aka ba ta ruwa. Tana ajiye kwanon sai ta fashe da kuka, tana kiran sunan ɗanta.

Nata auta ne. Ba ta da kunyarsa. Ta kira sunan, ta sake kira, ta ja shi, ta haɗa da kirarin da take yi masa yana goye. Sunan nan dai da Goggo ta yi shekara ashirin tana kewaye shi, ga shi ana ta zuba shi a tsakar gidanmu. Goggo tana tsugune gaban murhu. Ta yi ta tura itace har wutar ta mutu don yawa.

Matar ta kwana biyu a ɗakin Inna, tabarmarta kusa da ta Goggo. Da rana sukan zauna su ɓare gyaɗa tare. Ba su yi gaba ba, kuma ban ga yadda za su so juna ba, tunda abin da kowace ke roƙo a ranta shi ne a ce na ɗayar ne. Ta ba mu labarin nata: yana tsoron kare, ya iya saƙar faifai kamar mace, ya bar amarya da ba ta san ko ta shiga takaba ba.

"Naki fa, 'yar'uwa? Wane iri ne?"

"Yana nan dai kamar kowa," in ji Goggo.

A rana ta uku da zuwanta, na dawo daga makaranta, matar ta kama hannuna ta zaunar da ni.

"'Yata, an ce ke kika karanta takardar. Don girman Allah, ba ki ga inda ta shiga ba? Ko yage ne, ko rabi ne. Ni ko nawa ne a gaya mini. Na gaji, ba na iya barci, ba na iya salla da hankalina."

Na so in kau da kai. Amma idona ya tafi inda ya saba zuwa, kuma na san matar ta bi shi da kallo. Goggo ma ta gani. Matar ta saki hannuna a hankali. Ta koma ɓarar gyaɗarta, hawaye yana sauka a kan ɓawon.

Bayan la'asar Goggo ta ce in zo in taya ta ɗebo ruwa. Ba mu ɗauki tulu ba. A bayan rumbu ta tsaya, ta kwance igiyar daga ƙugunta. Jar fatar ta koma baƙa, gefenta ya yi sulɓi. Ta fito da 'yar rezar da Baba ke farke ɗinki da ita.

"Bi zaren. Kada ki yanki takardar."

Na karɓi rezar. Badukun ya yi aiki mai kyau, sai da na tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta yi laushi kamar tsumma. Gumi ya shiga, rubutun ya baje ya zama shuɗi, gaisuwar duk ta narke cikin juna. Amma lambar tana can ciki inda aka fara naɗewa, ana ganinta.

"Ita ce?" in ji Goggo.

"Ban sani ba, Goggo. Sai an haɗa da ta malam."

"Ke ba ke kika ji ta ba?"

"Na ji. Sun cakuɗe mini."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Sai ta gyara mini ɗankwali, ta ce in kai wa Baba, in ce a bayan rumbu na tsinta.

Haka na faɗa. Baba ya dubi takardar, ya dubi layin naɗin da shacin ɗinki a gefenta. Shi da ya yi shekaru yana ɗinki, ba zai kasa ganewa ba. Bai tambaye ni komai ba, ya sa hula.

A wajen malamin hakimi ni aka sa na karanta, shi yana bi da yatsa a tasa takardar. Na faɗi ta farko, ya ce na'am. Ta biyu, na'am. Ina ta jira ya ce a'a. Na zo wutsiya na tsaya, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, na faɗa. Ya cire tabaraun ya ajiye a kan akwati.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Malam, sai haƙuri."

Da muka dawo Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce na Turawa ne. Ban san abin da na zata zai faru ba. Goggo ta ce, "Allah ya ji ƙan Musulmi," ta shiga madafa. Matar Gwangwan ta ɗaga hannu sama kamar za ta yi godiya, sai ta sauke, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ƙanin mijinta ya aiko daga zaure cewa su kama hanya da sassafe, a kai wa amarya labari. Ta ce ya tafi shi kaɗai, ita sai an yi sadakar uku.

A gidanmu aka yi zaman makokin. Matar ta zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ta yi ta kuka da sunan nan kamar ranar da ta zo, har muryarta ta dushe. Matan da ba su san mu sosai ba suka riƙa wucewa kai tsaye wajenta, su durƙusa su ce ya haƙuri, Allah ya sa ya huta. Tana amsawa. Goggo kuwa tana kai da kawowa da kwanonin gumba, ana ce mata sannu da aiki. Na jira wani ya gyara kuskuren. Inna ba ta gyara ba, Goggo ba ta gyara ba. Na so in tambayi Inna wa matar take yi wa kuka, tunda nata yana raye, amma ban san yadda ake tambayar ba.

Ranar da za ta tafi Baba ya samo mata jaki da ɗan rakiya. Ni da Goggo muka taka mata har bayan gari, ina riƙe da ƙullin gumbarta. Suka yi sallama, suka roƙi gafarar juna. Har jakin ya fara tafiya Goggo ta kama igiyarsa.

"In Allah ya dawo miki da naki," ta ce, "ki tambayar mini shi. Ko ya ga inda aka sa wancan. Ko sun juya masa fuska gabas."

"Zan tambaya, 'yar'uwa. Wallahi zan tambaya."

Dama a farkon makon nan malaminmu ya rataya taswira a aji, ya nuna mana ƙasar da ake yaƙin. Tana can gaba da Makka, da nisa. Na tsaya a bakin hanya ina lissafi: in an juya shi gabas a can, ai ya ba wa alƙibla baya ke nan. In kuma waɗanda suka rufe shi sun sani sun juya shi yamma, me za a zo a gaya wa Goggo? Na buɗe baki, na rufe. Jakin ya yi nisa, Goggo ta ce in wuce mu tafi, akwai wanke-wanke.